Mun kwafi rawar Indiya, mun bar musu Lagaan

Mai karatu, in Asabar ta same ka a Gummi ko Anka, daure ka leƙa gidan kallo da yamma. Benci a cike, wasu a tsaye, ana cacar baki a kan Arsenal da Chelsea sai ka ce gonar gado ake rabawa. Samarin nan su ne 'yan fim ke kukan sun juya musu baya. To, tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, fim nawa aka yi musu wanda ƙwallo ce ƙashin bayan labarinsa? Littafi fa? Ƙirga da hannu ɗaya, ka ga ko yatsun za su ƙare.

Abin haushin shi ne, Indiyawan da muka kwafa sun nuna mana hanya. Ka tuna Lagaan na 2001, inda Aamir Khan ya fito a matsayin Bhuvan? Manoma ne a 1893, fari ya cinye su, Bature ya ce su kara da shi a wasan kurket: in sun ci a yafe musu haraji na shekara uku, in an ci su su biya ninki uku. Yawancinmu ba mu san ƙa'idar kurket ba, amma mun zauna kusan awa huɗu zuciya na dukan uku-uku, saboda abincin gari guda aka ɗora a kan ƙwallo. Mu kuwa da muka tashi ɗauka, sai muka ɗauko waƙa da canjin kaya.

Wani furodusa zai ce ai ba mu da irin wannan tarihi. Muna da shi. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malaman makaranta, ana ɗebo ɗalibai ƙalilan daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, wanda Anka da Gummi da Bukkuyum ke cikinsa a lokacin. Turawan sun ɗauki wasa da muhimmanci ƙwarai: ƙwallon ƙafa, kurket, da ƙwallon bango wadda ake bugawa da tafin hannu. A ganinsu a fili ake gyara halin yaro, ya koyi bin umarni da ba da shi. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, a ƙasa yake takowa daga Sakkwato, kuma son ƙwallon bango bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun zauna a wannan makaranta. Amma duba Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, da suka fito daga gasar 1933: babu filin makaranta a ciki. Ban ga laifinsu ba, wani abu suka sa a gaba. Laifin na waɗanda suka biyo baya ne, shekara casa'in.

Yanzu ɗauki kakar wasa guda. Yaro daga ƙasar Anka, jikan malamai, uban bai so a kai shi boko ba. Ya iso Katsina da kumburarrun ƙafafu, an miƙa masa gajeren wando, abin da ko a mafarki ba zai sa a gaban manyan garinsu ba. An haɗa shi ƙungiya ɗaya da ɗan sarki, kuma a fili dole ɗan sarkin ya miƙa masa ƙwallo, ko ya sha tsawar Bature mai usur. Daga nan har wasan ƙarshe, wa ke sauya wa? Yaron ne ke koyon ƙwallo, ko ƙwallon ce ke raba shi da gida? Ranar da ya koma hutu, da wane ido uban zai dube shi?

Sai dai ina jin tsoron abu biyu. Na farko, a mayar da fim ɗin kirarin manya, kowane yaro ya fito yana magana kamar ya san zai zama minista. Na biyu, wanda ya fi yiwuwa, a cusa budurwa a gefen fili tana rera waƙa. Kwalejin ta maza ce zalla, malam darakta.

Batun kuɗi kuma kada a fake da shi. Ba a buƙatar gidan sama ko motar aro. Fili ne, da ginin ƙasa, da yara ashirin da biyu marasa takalmi. Tsohon ginin kwalejin yana nan a Katsina, ita kuwa makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa.