Ikilisiyar da ba ta da sarki

A bakin mutanen Yamai kowane Kirista «ɗan mishan» ne, sai ka ce akalarsu duka tana hannun Bature guda a ƙetare. Laƙabin ya fi zaluntar ƴan Baftis, waɗanda mishan ɗinsu ya sauka Yamai a ƙarshen shekarun 1920. Su ba su da Fafaroma, ba su da bishop. Taron membobi ne ke kiran fasto, ya bi sawun kuɗin baiko. Tarayyar ikilisiyoyi kuwa shawara take bayarwa, ba umurni ba.

Tushen abin yana cikin baftisma. Ba a yi wa jariri, sai wanda ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiya da bakinsa, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa. Wanda ya shigo da ƙafarsa, tilas a ji muryarsa. Bisa wannan ne Thomas Helwys ya rubuta, a 1612, cewa sarkin Ingila ba shi da iko kan imanin kowa, har Musulmi da Bayahude. A kurkuku ya cika.

Amma tsari daban, aiki daban. Inda yaro ba ya musu da babba, mace kuma ke kawaici gaban surukai, ɗaga hannu a taro kan zama amin kawai. Ga kuma ikon mai biyan albashi: a Legas, a 1888, ikilisiya ta ɓalle daga mishan na Amurka saboda an raba ta da fastonta, Moses Ladejo Stone, ba tare da shawararta ba.