"ALLAH YA NUNA MINI KE CE MATATA"

Yau zan taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. In na taka wani, a yi mini aikin gafara, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi jijiya a majami'unmu. An tashi daga sujada ranar Lahadi, yarinya ta fito da Littafinta a hannu, sai wani ɗan'uwa ya tare ta a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce, "'Yar'uwa, na yi azumi kwana uku, Ubangiji ya nuna mini a mafarki ke ce matata." Shi ke nan, ya ɗaure ta da igiyar da ba a gani. In ta ce e, ba ta san wanda ta amsa wa ba. In ta ce a'a, sai a ce tana jayayya da Allah. To, wace yarinya mai tsoron Allah ce za ta so a ce ta yi gardama da Mahaliccinta?

Ba labarin ƙanzon kurege nake ba ku ba. Wata ƙawata ce da muke waƙa tare a ƙungiyar mawaƙa, haka aka yi mata. Saurayin gwani ne wajen addu'a, in ya buɗe baki sai ka ce rufin majami'a zai tsage. Da ta zo mini da labarin, na ce, "Ke fa, me Allah ya faɗa miki?" Ta ce, "Yaya, ni ban ji komai ba, amma ai shi ya fi ni ruhaniya." Mahaifiyarta ta ce a dakata a bincika asalinsa, ya ce bincike rashin bangaskiya ne. Baba Fasto ya ce su je gwajin jini, ya yi ta kwana-kwana har aka ɗaura aure a wata majami'a can daban. Kash! Yau 'ya'yansu uku, biyu na fama da ciwon sikila. Shi kuwa mai wahayin, da ɗawainiyar asibiti ta yi nauyi, sai ya tattara ya bar garin. Ita ce ke kwana a zaune tana matsa ƙafafun yara. Da-na-sani ƙeya ce.

Kada a ji ni da kunnen hagu. Ban ce Allah ba ya magana ta mafarki ba. Ya yi da Yusufu mijin Maryamu, kowa ya sani. Amma ki duba labarin da kyau. Mala'ika ya je wurin Maryamu ita kanta a Nazarat, ya yi mata bayani, har ta yi tambaya aka ba ta amsa, ta kuma amince da bakinta. Daga baya aka sanar da Yusufu nasa. Ba a aiki Yusufu ya je ya karanta mata nufin Allah ba. Allahn da ya san ɗakin saurayi ya san naki ɗakin, bai kuma manta hanya ba.

Sai labarin Rifkatu a Farawa sura 24, wanda masu wannan ɗabi'a suke son kafa hujja da shi. Gaskiya ne baran Ibrahim ya roƙi alama a bakin rijiya. Amma wace irin alama? Yarinyar da za ta shayar da baƙo, ta kuma shayar da raƙumansa. Raƙuma goma ne fa, kuma duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu ta san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wato halinta ya auna. Duk da alamar ta cika, da aka zo batun tafiya sai 'yan gidansu suka kira Rifkatu suka tambaye ta ko za ta bi mutumin. Da bakinta ta amsa. Ina aka samo wannan sabon salo na toshe wa mace baki da sunan wahayi?

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 1 Sarakuna sura 13. Allah ya aiki wani bawansa daga Yahuza zuwa Betel, ya umarce shi kada ya ci, kada ya sha a can. Sarki Yerobowam ya gayyace shi gida da alkawarin kyauta, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce ya komo da shi ya ci abinci. Ashe ƙarya yake yi. Bawan Allah ya bar abin da ya ji da kunnensa ya bi abin da wani ya ce ya ji. A hanyar komawa zaki ya kashe shi. Ki lura, sarki bai iya kayar da shi ba, mai rigar annabci ne ya kayar da shi. Tsohon kuwa ya rayu, har shi ya binne gawar.

Mu ma mata muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Mun mayar da neman nufin Allah kamar duba. Wata ta ce, "Ubangiji, in shi ne, ya zo yau da farar riga." Wata ta rufe ido ta buɗe Littafi Mai Tsarki, inda yatsa ya faɗa nan ne amsarta. In ka yi magana a ce ai Gidiyon ma ya shimfiɗa ulu a masussuka. E, ya shimfiɗa, har sau biyu. Amma tun kafin nan Allah ya riga ya faɗa masa aikinsa a fili, tsoro ne ya sa yake neman ƙarin tabbaci, Allah kuma ya yi haƙuri da shi. Haƙurin da aka yi da mai tsoro bai zama doka gare mu ba.

To, yaya za ki gane nufin Allah? Fara da abin da yake a rubuce. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba mai cewa ba ta da inda za ta duba. Duk wahayin da ya ce ki ɓoye wa iyayenki, ko ki ba da jikinki kafin aure tunda wai a sama an riga an ɗaura, ba sai kin yi azumi a kansa ba, amsarsa tana nan tun tuni.

Sannan ki duba hali. Yaya yake da mahaifiyarsa? Yana biyan bashi? In ransa ya ɓaci, me ke fita daga bakinsa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki kai maganar gaban iyaye, da fasto, da dattijan zumuntar mata waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ki yi aiki da hankalin da Allah ya ba ki. In ke AS ce shi ma AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Wanda ya halicci jinin shi ya ba likita ilimin auna shi. Ku je ku sani tukuna, kowace shawara za ku yanke ku yanke ta da ido a buɗe.

Daga ƙarshe ki ba abin lokaci, ki durƙusa ki yi taki addu'ar. Gaskiya ba ta tsoron jira, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Duk mai cewa sai kin amsa yau-yau, da walakin, goro a miya.

Saboda haka 'yar'uwa, in an sake tare ki a bakin majami'a, kada jikinki ya yi rawa. Ki gaishe shi da ladabi ki ce, "Na gode ɗan'uwa, na ji. Bari ni ma in tambayi Ubana." Mutumin kirki zai jira, na banza kuwa zai fusata, kin ga tun nan kin fara samun amsa.

Ku kuma iyaye mata, ku bar tura 'ya'yanku don kawai an ambaci sunan Allah. Ubangiji ya ba mu kunnen jin muryarsa, ya tsare mu daga masu ari bakinsa su ci masa albasa. Amin.