Mai Zane da Mai Bincike: Duba Littafin Hotunan Ernst Haeckel

Tsakanin shekarar 1899 da 1904, wani malamin jami'ar Jena a ƙasar Jamus, mai suna Ernst Haeckel, ya fitar da littafin hotuna kashi-kashi har sau goma, hotunan suka cika 100. Sunan littafin Kunstformen der Natur, wato siffofin gwaninta da ke cikin halitta. Har wa yau ana sake buga shi. Ya cancanci a duba shi a natse, gama ya nuna abin da ya haɗa mai zane da mai binciken halittu, ya kuma nuna inda su biyun suke iya yin tuntuɓe.

Aikin likita Haeckel ya koya. Sa'ad da ya tafi Italiya a 1859, saura kaɗan ya bar kimiyya ya zama mai zanen duwatsu da itatuwa. A garin Messina ne ya sa ruwan teku ƙarƙashin madubin likita, sai ya ga waɗansu ƙananan halittu da ake kira radiyolariya. Kowace ɗaya ƙwaya guda ce tak, amma tana da ƙashi irin na gilashi, mai huji-huji da tsinkaye, sai ka ce saƙar faifai ko sassaƙar ƙwarya. Magana ba ta isa ta bayyana su ba, dole sai an zana. A 1860 ya karanta littafin Charles Darwin a kan juyin halitta, wato koyarwar da ta ce iri-irin masu rai suna sākewa sannu a hankali daga kakanni ɗaya. Daga nan tambayarsa ta zama biyu. Mai zane yana so ya san yadda abu yake, mai bincike kuwa yana so ya san yadda aka yi ya zama haka. Dukansu biyu ba su da hanya sai su zauna su ƙura ido.

A nan ƙarfin littafin yake. Kowane shafi ya tara halittu ƴan gida ɗaya, an jera su kusa da juna, har mai karatu da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya ga kamanninsu da bambancinsu da idonsa. Adolf Giltsch, wanda ya mai da zanen a kan dutsen ɗab'i, ya yi aiki mai tsabta ƙwarai. Hotunan Haeckel sun shiga ran magina ma. Babbar ƙofar bikin baje kolin duniya na birnin Faris a 1900, wadda René Binet ya tsara, daga siffar radiyolariya aka ɗauko ta.

Amma wanda ya daɗe yana kallo zai fara shakka. Kome ya daidaita fiye da kima. Ba tsinken da ya karye, ba gefen da ya fi wani tsawo. Wanda ya taɓa riƙe ganye ko ƙwaro a hannu ya san halitta ba ta rasa tabo. Hannun Haeckel yakan gyara abin da idonsa ya gani.

A kan ƙananan halittun teku wannan gyara bai cuci kowa ba. A wani wuri kuwa ya yi ɓarna. Cikin littafinsa na 1868 a kan tarihin halitta, ya buga hoto guda har sau uku, ya ce wannan tayin kare ne, wannan na kaza, wannan na kunkuru. Wani malami ɗan'uwansa, Ludwig Rütimeyer, ya tona abin. A 1874 ya sake jera tayin kifi, da kunkuru, da kaza, da alade, da zomo, da mutum, ya sa suka yi kama fiye da yadda suke. A 1997 Michael Richardson da abokan aikinsa suka gwada zanen da hotunan tayi na ainihi, bambancin ya fito fili. Mafi muni, a farkon littafin nan na 1868 ya jera kawuna 12, shida na mutane, shida na birai, ya sa baƙar fata kusa da birai. Wannan ba daga madubi ya fito ba, daga raini ne. Binciken ƙwayoyin gādo na zamanin nan ya rushe tsanin gaba ɗaya. Ƴan Adam iri ɗaya ne, daga Afirka kuma suka bazu cikin duniya.

Haeckel ya yi gāba da ikkilisiya a fili, saboda haka mai bi zai iya jin daɗin faɗuwarsa, ya ce ai duk kimiyyar ƙarya ce. Wannan ba adalci ba ne. Masu kimiyya ne da kansu suka kama shi. Tayin dabbobi masu ƙashin baya kuwa lalle suna kama da juna a wani mataki, ƙari ne kawai ya yi. Hujjojin da masana suke kafawa a yau sun dogara ga ƙasusuwan da aka tono daga ƙasa da kuma ƙwayoyin gādo, ba ga zanensa ba. Shaidar zur haram ce ga mai zane, haram ce kuma ga mai sukarsa.

To, me za a yi da littafin? A buɗe shi, a nuna wa yara, gama yana koya wa ido haƙuri, yana kuma sa mutum mamakin abin da ke cikin ɗigon ruwa. Sai dai malamin da ya nuna shi ya faɗa musu labarin hoton nan guda da aka buga sau uku, sa'an nan ya aike su waje su samo fara ko ganyen kuka, su zana shi da tabonsa duka.