Majistir a Ƙasar Waje, Tambayar Tana Gida

Yanzu a Tsibiri da Maraɗi, yaro in ya fito medarsa ya ci bak, ya yi lisans a Jami'ar Musulunci ta Sayi, maganar da ke bakinsa ita ce burs. Wani Azhar yake hange, wani Madina, wani Maroko. Khartum ma ta sha ɗaukar 'ya'yanmu kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa ɗalibai.

Ina goyon bayan tafiyar, don gadonmu ce. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu, ya je Makka ya bi ta Masar. Sai dai waɗannan bayin Allah sun ƙoshi da karatun zaure kafin su ɗaura kaya.

Abin da ke damuna shi ne abin da ake rubutawa a can. Ɗalibi zai share shekaru yana tahƙiƙi kan wani malamin Andalus da Larabawa suka riga suka tatse, alhali ya baro tambayoyi jibge a ƙofar gidansu. A je Jiratawa a gani. Manomin fadama da ke ban ruwa da inji, ya sayi mai, ya sayi taki bashi, ya san zakkarsa ɗaya cikin ashirin ce, ta mai noman damina ɗaya cikin goma. To wanda ya haɗa biyun fa? Kuma ausuƙi biyar ɗin nan na littafi, tiya nawa ke nan a kasuwa? Ga jinginar gona, mai kuɗi na ci shekara da shekaru, bashi na nan daram. Ga mata da ƙarancin ƙasa ya raba da gamanarsu, ranar rabon gado kuma 'yan'uwa maza su ce gonar ta yi kaɗan a tsaga. Kowace ɗaya cikin waɗannan ta isa kundin majistir, kuma malamin Fas ko na Alƙahira ba zai san da ita ba sai ɗanmu ya kai masa.

Haka rubuce-rubucen malaman ƙasar nan. Dubbai na ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, tarin da Bubu Hama ya fara, wasu kuma na cikin gafaka a gidajen malamai, gara na ci. Wa zai fi ɗan Gobir iya karanta ajaminsu?

Akwai kuma maganar mazhaba. Mutanenmu da Ahalari da Ishmawi da Risala suka tashi. Wanda ya tafi bai sauke su ba, ya dawo da fiƙihun wani wuri, sai ya ɗauka duk abin da ya tarar kuskure ne, ya fara da gyara wa limamin da ya yi masa huɗubar suna. Rigimar masallatai da yawa daga nan take tsira.

Shi ya sa nake roƙon malaman da ke rubuta wa ɗalibai takardar tazkiyya su riƙa tambayarsu abu biyu tun kafin su sa hannu: wane littafi ka sauke a nan, kuma wace matsalar garinku za ka kai can? In yaro ya yi shiru, a ba shi shekara guda ya zauna gaban malamin zaure, ya kuma zaga kotun alƙali ranar shari'ar gona.