Randy Weston: Fiyanon da Ya Koyi Saurare

Wanda ya tashi a ƙasar Konni, kunnensa ya saba da kalangu da gurmi, da wuya ya ɗauki fiyano ɗan gida. Faya-fayen Randy Weston (1926–2018), makaɗin jaz haifaffen Brooklyn a Amurka, su ne suka sa na sake tunani.

Na farko shi ne Uhuru Afrika na 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴancin kai. Aiki ne mai kwarjini, wanda Melba Liston ta tsara wa babbar ƙungiya. Sai dai yawan bushe-bushe da ganguna ya danne fiyanon, kuma Afirkar da ke cikinsa ta mafarki ce, ta mutumin da bai taka ƙasarta ba tukuna. Bayan da ya ziyarci Legas a 1961, ya fitar da Highlife a 1963, inda ya kaɗa “Niger Mambo” ta Bobby Benson. A nan hannunsa na hagu ya koma ganga, na dama yana amshi.

Amma zaɓina shi ne faifan da ya ɗauka a Marakish ta Maroko a 1992 tare da makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashenmu. Molonsu ɗan'uwan garayar ƴan bori ne. Weston ya bar musu fage, bai sa hannu ba sai can ƙarshe, kamar ɗalibi gaban malamansa. Ga matasanmu masu gaggawar cusa kiɗan gargajiya cikin na'ura, wannan haƙurin ya isa darasi.