Allon Zayyana da Tarbiyyar Ido

Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta gani da kallo, ya kuma bambanta kallo da lura. Gani na duk mai lafiyayyen ido ne, kallo na wanda ya tsaya ne, lura kuwa sai wanda ya tsaya ya tattara hankalinsa wuri guda. Wannan maƙala za ta dubi allon zayyana, irin wanda ake yi wa almajiri ranar saukar Alƙur'ani a Safo da sauran garuruwan ƙasar Katsinar Maraɗi, domin nuna cewa aiki ne da aka tsara don a lura da shi a tsanake, kuma duk wanda ya ba shi lokacinsa yakan gano wani abu game da halin kansa. Abin damuwa shi ne yawancin masu halartar walimar sauka ganin allon kawai suke yi. Ana ɗaga shi, a yi kabbara, a ɗauki hoto da waya, a mai da shi ɗaki.

Gaggawar ido

Wannan gaggawa ba a kan Hausawa kaɗai ta tsaya ba. A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu, Jeffrey Smith da Lisa Smith, suka buga sakamakon awon da suka yi a gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke birnin New York a Amurka. Sun tarar cewa matsakaicin lokacin da mutum ke yi gaban fitaccen zane bai wuce daƙiƙa 27 ba, wato ko rabin minti bai cika ba. Tun 2010 wasu gidajen zane na ƙasashe daban-daban suke ware rana guda a watan Afrilu don kallon sannu, inda ake roƙon baƙi su zaɓi ayyuka biyar kacal, su ba kowane minti goma. Wata malamar tarihin zane a jami'ar Harvard, Jennifer Roberts, ta bayyana a 2013 cewa takan sa ɗalibanta su zauna gaban zane guda har awa uku kafin su buɗe littafin da aka rubuta a kansa. Dalilinta shi ne, akwai abubuwan da ke gaban ido tun farko amma hankali ba ya kama su sai bayan lokaci mai tsawo.

Malamin da ke Safo ba sai ya je Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama, kafin ya jarraba wannan ba. Abin kallon yana rataye a ɗakunan iyayen ɗalibansa.

Siffar allon

Allon zayyana katako ne irin na karatun yau da kullum, mai kai a sama inda ake riƙewa, sai dai shi ba a wanke shi. A tsakiyarsa ake rubuta Fatiha da ayoyin farko na Baƙara, alamar wanda ya kammala izu sittin ya dawo mafari. Kewaye da rubutun akwai iyakoki, wata cikin wata, cike da dama da murabba'i da kusurwa uku da igiyoyi masu sarƙe juna. Babu surar mutum, babu ta dabba. Launukan da aka saba su ne baƙi da ja da rawaya da kore, kuma ba baƙi ba ne ga wanda ya san Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa, inda harufa ke zuwa da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya. Ke nan adon allon daga cikin littafin ya fito, daga irin ƙawar da ake yi wa alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni a gefen shafi.

A nan ne mai nazari zai iya yanke hukunci, domin ba kowace zayyana ce ta yi kyau ba. Gwanin mai zayyana yakan bar wa rubutu fili ya sarara, ya sa kowace iyaka ta riƙa miƙa ido ga ta ciki har ya isa ga ayoyin. Adonsa kamar zaure ne, ana ratsa shi a shiga gida. Wanda bai ƙware ba kuwa yakan cika kowane gurbi da launi, har adon ya danne rubutun, ido ya rasa inda zai sauka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ba ya sanin wannan kimar cikin daƙiƙa 27.

Abin da mai kallo ke gani a kansa

A ɗauka mutum ya zauna gaban irin wannan allo minti goma, ba magana. A minti na farko tambayoyin kasuwa ne ke zuwa masa: wa ya yi, nawa aka biya, ya fi na gidan wane kyau? Kafin minti na uku yakan ji ya gama gani, hannunsa ya fara neman waya. Idan ya daure, sai ido ya kama igiya guda cikin sarƙar, ya bi ta tana nutsewa ƙarƙashin wata tana ɓullowa, ta ɓace masa, ya koma ya sake kamo ta. Can sai ya fara ganin sawun hannu: inda aka sake tsoma alƙalami tawada ta yi kauri, inda ta kusa ƙarewa ta yi siriri, inda kusurwar hagu ta ɗan fi ta dama faɗi.

Allon bai sauya ba cikin waɗannan mintoci, mai kallon ne ke sauyawa, kuma yana iya shaida sauyin. Wanda ya ji daɗi da ya tsinci kuskure ya san akwai son aibantawa a tare da shi. Wanda ya kasa bin igiya guda zuwa ƙarshenta ya ga yadda zuciyarsa ke yawo, irin yawon da take yi masa a cikin salla. Wanda ya bar makarantar allo a rabin hanya yana iya jin nadama, ko tsoron bulalar da ya ɗauka ya manta. Ɗan boko da ya iya bayanin zanen Turawa dalla-dalla, amma ya ji wani ɗan raini ya taso masa gaban allo, ya sami tambayar da ta cancanci ya kwana da ita: daga ina wannan raini ya shigo shi?

Malaman Musulunci suna da sunaye ga irin wannan aiki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi ga muraƙaba da muhasaba, wani kuma ga tafakkuri, a kashin ƙarshe na Ihya'u Ulumiddin. Maganarsa a kan tsaron zuciya ce da tunani cikin halittar Ubangiji, ba a kan allo ba, amma tarbiyyar guda ce: a tsaya, a natsu, a bi diddigin abin da ke gilmawa a rai.

Iyakar wannan hanya

Akwai haɗari guda da ya kamata a faɗa. Wasu masu yaɗa kallon sannu suna tallata shi tamkar maganin gajiya, inda abin kallon ya zama madubi kawai, mutum ya shiga da kansa ya fito da kansa. Allon zayyana ba ya karɓar wannan. Yana ɗauke da ayoyi, don haka yana da ladabin taɓawa da na ajiyewa. Bayansa akwai shekarun yaro na tilawa gaban wutar kara, da ɗawainiyar iyaye, da kwanakin da mai zayyana ya yi a duƙe. Mai kallon da ya manta da waɗannan ya shagala da abin da yake ji a ransa bai lura da allon ba. Sanin kai da ake samu a nan riba ce da ke biyo bayan ba wa aikin haƙƙinsa.

Kammalawa

Ana yawan ambaton gadon ƙasar Madarumfa, musamman tun 2006 da Nijar ta gabatar wa UNESCO dajinta da tabkinta da kaburburan waliyyanta 99. Gadon da ke rataye a ɗaki bai sami irin wannan kulawa ba, alhali a makarantun Islamiyya da dama takardar shaida bugun inji ta fara maye gurbinsa. Malamin Hausa yana iya aro allo da izinin mai shi, ya kawo aji cikin girmamawa, ya nemi shiru na minti goma, sannan kowane ɗalibi ya rubuta abu uku da ya gani a allon da abu guda da ya lura da shi a kansa. Ƙungiyoyin al'adu kuwa su gayyato masu zayyana su faɗi sunan kowane zane da bakinsu, a rubuta. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar kalmomin nazarin fasaha cikin Hausa ta ƙaru, kuma da yawansu suna nan a bakin waɗannan dattawa, ba a kai ga tambayar su ba.