Masu zuwa Ruwanda koyon sulhu: mu auna tafiyarsu

Akwai wata al'ada da manyan makarantun duniya suka ɗauka. Sukan tura ɗalibansu wata ƙasa inda aka taɓa yin yaƙi, su yi ƴan makonni ko ƴan watanni, su ga yadda mutane suka shirya bayan jini ya zuba. Ɗaya daga cikin ƙasashen da ake yawan zuwa ita ce Ruwanda. To, bari mu auna wannan tafiya, mu ga ribarta da aibinta, don mu ma a nan Guna mun san rigima.

A shekarar 1994 aka yi kisan ƙare dangi a Ruwanda. Cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu Tutsi. Maƙwabci ya sari maƙwabcinsa da adda. Da ƙura ta lafa, gidajen kaso suka cika, alƙalai suka yi kaɗan. Sai hukuma ta koma ga wata tsohuwar al'ada da ake kira gacaca, wato shari'ar da ake yi a fili bisa ciyawa. Mutanen gari suka zaɓi masu gaskiya daga cikinsu su zama alƙalai. Wanda ya faɗi laifinsa gaban jama'a, ya nemi gafara, sai a rage masa horo. Daga 2002 zuwa 2012 an yi shari'a kusan miliyan 2 ta wannan hanya.

Ɗalibin da ya je can yakan ziyarci maƙabartar Kigali, inda aka rufe mutum fiye da 250,000. Yakan zauna da waɗanda suka tsira. Wannan riba ce babba, domin gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya bakin wannan kabari, da wuya ya koma gida ya riƙa zuga mutane kan ƙabila.

Amma ga aibi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Abin da aka nuna masa shi yake gani, abin da tafinta ya juya masa shi yake ji. A gacaca babu lauya mai kare wanda ake tuhuma. Wasu shaidu sun yi shiru saboda tsoro. Kuma ba ta taɓa laifin sojojin da suka ci yaƙin ba. Mai kwana 20 a ƙasa, yaushe za a buɗe masa ciki a faɗa masa wannan? Aibi na biyu: in ya dawo, sai ya rubuta abin da ya gani da Faransanci ko Turanci, a ajiye a makaranta. Manomi da makiyayi ba su ji ko kalma guda ba.

Alhali darasin yana nan ƙofar gidanmu. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maradi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara. Ta ce rigimar gona ko burtali a fara kai ta gaban mai gari ko sarki, a nemi sulhu kafin a je wurin alƙali. In an shirya, a rubuta takarda. Kwamitin kula da filaye, wanda ake kira kofo, Mirya tamu tana cikin wuraren da aka fara kafa shi a 1994. Haka kuma a ranar 24 ga Afrilu 1995 gwamnati da ƴan tawayen arewa suka sa hannu kan zaman lafiya, a 2000 aka ƙone bindigogi a Agadas. Ga kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda sau da yawa yake kashe faɗa tun bai tashi ba.

Saboda haka ba mu ce kada ɗalibi ya tafi ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma kafin ya hau jirgi, ya zo ya zauna ƙofar mai gari lokacin kaka, sa'ad da shanu ke saukowa kudu, amfanin gona bai gama shiga rumbu ba. Ya ga yadda ake zuwa a duba ɓarna, a yanke diyya, kowa ya sassauta. Wanda ya san wannan, in ya je Ruwanda zai san tambayar da zai yi. In ya dawo kuma, ya zo ya ba mu labari da Hausa.

Kai kuma da ka koyi karatu, kana da naka aiki. Ranar da aka sasanta ku da abokin rigimarka, ka ce a rubuta. Ka nemi a karanta maka, a fassara, kafin ka sa hannu. Ka duba sunanka, da ranar, da iyakar gonar. Ka ɓoye takardar wuri mai kyau, don kada ƴaƴanku su sake tayar da maganar bayan ranku.